Damuwa da Cushewar Ciki: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya a Zungur, Bauchi

An umarce ni da in yi magana a kan abin da ba a faɗa a bainar jama'a, wato bahaya. Saboda haka iyaye a gafarce ni, lalura ce.

A 'yan shekarun da na yi ina aikin asibiti, akwai mutumin da na fi gani. Zai shigo ya ce basir ke damunsa, cikinsa a kumbure, sai ya kwana huɗu bai zagaya ba. Ya sha filasko, ya sha jiƙe-jiƙen da ake talla da lasifika a bakin kasuwar Wunti, an yi gwaji ba a ga komai ba. Sai ka ce masa, "Malam, yaya barci?" Ya yi shiru. Can sai ya ce rabonsa da barcin kirki tun da jarinsa ya karye.

To, jama'a, wannan ba tsafi ba ne. A jikin hanjin ɗan Adam akwai ƙwayoyin jijiya sama da miliyan 100, kuma akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauko har ciki, saƙo na hawa yana sauka. Sinadarin da likitoci ke kira serotonin, wanda ke da hannu a walwalar zuciya, kusan kashi 90 cikin 100 nasa a hanji ake yin sa. Tun 1833 wani likitan soja a Amurka, William Beaumont, ya rubuta abin da ya gani a cikin wani mutum da harbin bindiga ya bar wa kafa a tumbi: in ransa ya ɓaci, sai narkewar abinci ta yi nawa. Mu ma ai mun sani. Wanda ya tsorata mukan ce cikinsa ya ɗuri ruwa, ɗalibi kuwa ranar jarrabawa yakan yi ta zarya bayi.

Abin yana tafiya ta fuska biyu. Mai ciwon damuwa ba ya cin kirki, ba ya shan ruwa, ba ya motsi, sai hanji ya mutu. Shi kuma wanda ya shekara da kumburin ciki, alwala ba ta zama, ya daina shiga sahu, ya daina zuwa majalisa, sai kaɗaici ya haifar masa da damuwar. Na fi tausayin iyayenmu mata da ke cikin gida, don su kunya ma ba ta barin su faɗa.

Sai batun magani. Wasu magungunan taɓin hankali da na damuwa, irin su Largactil da amitriptyline, suna busar da ciki. In ɗan'uwanku yana shan su, ku riƙa tambayar sa. Kada ya yar da maganin da kansa, a koma wa likitan da ya rubuta, akwai sashen masu wannan lalura a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. Matasa kuma ku ji: tiramol da kodin, wanda gwamnati ta hana yin maganin tari da shi a 2018, suna ɗaure hanji tamau.

Abinci kuwa ba sai an je nesa ba. Miyar kuka da kuɓewa, zogale, rama, wake, gwanda, da tuwon da ba a surfe shi ya zama fari fat ba. Masar Bauchi ba laifi, amma ba safe, rana da dare ba! A sha ruwa, a taka da ƙafa zuwa masallaci, kuma in bahaya ta zo kada a matse ta. Wankin ciki kullum shi ma ɓarna ne, yana raba jiki da ruwa da gishirinsa.

Amma fa kada a ɗora wa damuwa komai. Wanda ya ga jini, ko yana ramewa, ko amai ya haɗu da cushewar, ko ya haura shekara 50 tsarin bahayarsa ya sauya haka kawai, wannan ya garzaya asibiti a makon nan, don sankarar hanji takan fara da haka.

Ranka ya daɗe shugaba, na ga an ɗaga mini hannu. Mai tambayar da yake jin nauyin yi a nan, ina bakin ƙofa bayan addu'a. Wassalamu alaikum.