Wa Ya Tarbe Ka a Tasha?

  

An ce in yi magana da yawun ɗaliban Bana da ke jami'a. Maganata ta fi shafar ƙannenmu da suka ci bak bana, waɗanda ke shirin tafiya Yamai ko Dosso, da masu ƙetarawa ta Kamba zuwa Sakkwato ko Aliero. Amma iyaye ma su saurara, don akwai rabonsu a ciki.

Ranar da na sauka Yamai da jakata da ɗan ƙunshin gari, ban san kowa ba. Wani babban ɗalibi ya karɓi jakar, ya nuna mini inda zan shimfiɗa tabarma, ya saya mini tikitin resto, ya ba ni tsofaffin takardun jarrabawa. Wallahi har yau ina gode masa. Bayan mako biyu ya ce, "Ƙanena, yau da dare akwai zama, ka zo." Ku gaya mini, da wane baki zan ce a'a? Haka ake shiga ƙungiya a jami'a. Ba wanda zai karanta maka manufa. Wurin kwana ne, da abinci, da wanda zai kira sunanka a garin da ba a san ubanka ba. Ni Allah ya taimake ni, zaman alheri ne. Wani kuma da irin wannan tikitin aka saye shi.

Ƙungiyoyin ɗalibai suna da daraja, kada a ji ni ba daidai ba. USN tun 1960 take. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai uku suka rasa rayukansu a gadar Kennedy, kuma jininsu na cikin abin da ya buɗe hanyar taron ƙasa na 1991. Amma a jami'ar Abdou Moumouni ɗin nan, a farkon 2018, malamai suka shiga yajin aiki bayan an ci mutuncin ɗayansu, suna neman a rushe CASO, wato kwamitin ɗalibai da aka kafa don jin daɗinsu da tsaron tsari. Abin da aka gina don kare ƙarami yana iya zama abin da ƙarami ke tsoro.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga wanda ya fi haka. A 1952, a kwalejin jami'a ta Ibadan, Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates. Abin mamaki, sun kafa ta ne don yaƙi da girman kan ƴaƴan masu hali da ƙabilanci. Sai dai ba kowa suke ɗauka ba, zaɓe suke yi. To duk inda aka ce sai wane da wane, shiga ta zama ado, waɗanda aka bari a waje kuma su kafa tasu. Buccaneers ta ɓalle a 1972, Black Axe ta fito daga jami'ar Benin a 1977, aka shiga rantsuwar dare da duka kafin a karɓe ka. Ranar 10 ga Yuli 1999 ƴan ƙungiyar asiri suka shiga ɗakunan kwanan jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, suka kashe ɗalibai biyar. Kuma ku lura da wanda suke farauta: ɗan mai kuɗi don ya ɗauki nauyi, ɗan mai muƙami don ya fidda su in an kama su, ƙaƙƙarfa don ya yi faɗa. Yaron ƙauye mai jin kaɗaici shi ne ɗan aike.

Yanzu zan juyo gida, ku yi mini haƙuri. Mu ba mu da rantsuwar dare, alhamdu lillahi. Amma muna da zaɓe. A fadar shayi kowa ya san wa ke zama kan kujera, wa ke hura gawayi. A ƙungiyoyin ƴan gari ɗaya, ɗan babban ɗan kasuwar Gaya ba ya shekara biyu bai shiga biro ba, ɗan manomin da ya fi shi zuwa taro yana nan yana jera kujeru. Wajen ƴan uwa mata ma haka: a yanke anko na jika goma, wadda bursinta bai fito ba ta ce ba ta da lafiya ranar walima. Ba wanda ya kore ta. Kuɗin atamfa ne ya kore ta, mu kuma muka ce ba ta da himma.

Har ƙungiyoyinmu na addini ba su tsira ba. Na taɓa zama a wani kwamitin tarbar sababbi. Wani yaro ya zo, faransancinsa na rawa, rigarsa ta koɗe. Muka rubuta sunansa, muka ce za a kira shi. A bayansa wani ya shigo, ɗan gidan da kowa ya sani, mai zaƙin karatu. Nan take muka ba shi karatun buɗe taro. Na farkon, ba mu kira shi ba. Ni ne mai riƙe da takardar, don haka ba zan ɗora wa kowa ba. Bayan wata uku na gan shi a wata fada da ba zan so ƙanena ya zauna ba. Su sun kira shi.

Malamai sun fi ni sanin dalilin saukar Suratu Abasa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana kiran manyan Ƙuraishawa, da kyakkyawar niyya, yana fatan musuluntarsu ta jawo jama'a, sai Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, ya zo neman ilimi. Allah ya saukar da ayoyi a kan wannan. Hujjar da muke bayarwa ke nan kullum: in muka samu ɗan wane, ƙungiya za ta yi ƙarfi. An riga an amsa mana ita tun a Makka. Da aka je Madina kuma, Annabi ya ƙulla ƴan uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar, aka haɗa baƙo da ɗan gari: Abdurrahman ɗan Aufu, wanda ya baro dukiyarsa, da Sa'adu ɗan Rabi'u.

Abin da nake roƙon shugabanni ke nan, kuma ba ya cin kuɗi da yawa. Kafin a buɗe jami'a, a rubuta sunan duk ɗan Bana da ƙauyukanta da ya ci bak, namiji da mace, ba tare da an rubuta sunan uba a gefe ba. A haɗa kowane da babban ɗalibi ɗaya a garin da za shi, wanda zai tarbe shi a tasha, ya nema masa makwanci, ya riƙa leƙa shi har wata uku. Anko kuma, a daina tilasta shi a tarukanmu.

Iyaye, in ɗanku ya bugo waya, kun saba tambayar ko ya ci abinci. Ku ƙara da tambayar wa ya ba shi, kuma ina yake zama bayan isha'i. Ƙannena, ku karɓi alheri, ku gode, amma duk zaman da aka ce kada ka faɗa wa kowa, kada ka je.

Mu da ke Yamai mu huɗu mun riga mun ba sakatare sunayenmu. Muna jiran na Dosso da na Sakkwato kafin a tashi.