Jika Goma a Wata: Ina Take Shiga?

Masu sauraronmu na Korahane da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Dakoro, Kornaka, Birnin Lalle, Ajekoriya, har zuwa rugagen da ke cikin kwarin Tarka, barkanmu da war haka. Iyayenmu mata da ke bakin murhu, sannunku da aiki. Masu gida da ke kan tabarma, a matso da rediyo kusa, don zancen yau na kuɗi ne, kuma na cikin gida. Za mu yi magana a kan kuɗin tallafin da ake ba gidajen talakawa hannu da hannu, wanda mutane suka fi sani da kuɗin porje.

Manya daga cikinmu ba su manta da shekarar 2005 ba. Fari da fara sun cinye amfanin gonar 2004, buhun hatsin da aka sayar wajen jika 10 da kaka ya kai kusan jika 30 a tsakiyar damina, gidajen jinyar tamowa na Maraɗi da Dakoro suka cika da yara. Abin da ya fi ciwo a wannan shekara shi ne akwai hatsi a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu. Daga nan masu ba da agaji suka fara tunanin miƙa wa mutane kuɗin maimakon jiran motocin buhuna. An gwada a Tanut a 2005, an gwada a Tasawa a 2008. A 2010 ƙungiyar Concern ta tura wa wasu ƙauyukan Tawa kuɗi ta wayar salula. A 2011 kuma gwamnatin Nijar, da tallafin Bankin Duniya, ta kafa babban shirin Filets Sociaux a jihohi biyar: Maraɗi, Damagaram, Tawa, Dosso da Tilaberi. Kowane gida da aka zaɓa ya riƙa karɓar sefa 10,000 a wata, kuma a hannun mace aka riƙa sa su. Da farko, a zagayen gwaji, na wata 18 ne, daga baya aka kai wata 24. Zagaye na biyu, wanda ya fara a 2019 da sunan Wadata Talaka, ya ɗaga kuɗin zuwa 15,000.

To, bari mu yi lissafi tare a kan jika goman zagayen farko. Jika goma in ka raba ta kwana talatin, kowace rana ta tashi sefa 333 da ɗan abin da ba a rasa ba. A gidan mutum bakwai, kowane baki bai samu dala goma cikakkiya a yini ba. Duk wanda ya ce wannan kuɗin zai mai da talaka attajiri, wasa yake. Amma jika goma sau 24 ta zama jika 240, kuma ta zo ne a ranar da aka san za ta zo. Talaka ya saba ganin kuɗi jefi-jefi, abin da bai saba gani ba shi ne kuɗin da zai iya ƙirga zuwansa tun wata uku kafin ya iso.

Na san maganar da ake yi a majalisa da bakin kasuwa: “Ai cinyewa suke yi.” Gaskiya ne, kaso mafi yawa hatsi ake saya da shi, sai mai, gishiri, sabulu, maganin yaro. Ni dai ban ga laifi a nan ba, kuma ku saurari dalilina.

Ɗauki watan Yuli zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai fito ba. Mai gidan da ba shi da tiya ko ɗaya, me yake yi? Sai ya ɗauki hauyarsa ya tafi barema gonar wani, a biya shi da yamma, ya auno abin da za a daka. Gobe ma haka. Kafin ya waiwayi tasa gonar ciyawa ta shaƙe hatsin, noman firi ya wuce lokacinsa, maimai kuwa sai abin da hali ya yi. Da kaka damman da zai ɗaure sun ragu, rumbun baɗi zai ƙare da wuri fiye da na bana. In ba barema ba, bashi: ya karɓi hatsi wurin ɗan kasuwa lokacin da tiya take da tsada, ya biya da kaka lokacin da ta faɗi, wato ya zuba tiya biyu ko fiye a madadin ɗaya. In ba bashi ba, akuyar uwargida ce za a ja zuwa kasuwa, a daidai lokacin da kowa ya jawo tasa, ga ta a rame, dillali ya faɗi abin da ya ga dama.

Jika goman da aka “cinye” a watan Agusta ita ce ta tsai da mai gida a gonarsa, ta hana shi zuwa ƙofar mai ba da bashi, ta bar akuya a turkenta har ta haihu. Masu binciken Bankin Duniya da suka bi diddigin shirin nan na Nijar sun gano cewa abin da gidaje ke ci da kashewa ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin ɗari, kuma amfanin ya fi fitowa fili a gidajen da fari ya taɓa. Mu da ke dab da iyakar ƙasar noma, inda damina ɗaya mai kyau ba ta ba da tabbacin ta gaba, wannan magana tamu ce.

(Kiɗa kaɗan)

Masu sauraro, muna tare. Yanzu sai mu duba kuɗin da ba su shiga tukunya ba.

Matan ƙasar Maraɗi ba baƙin tattali ba ne. Adashi ya girmi kowane porje. A 1991 ne ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jiharmu, ta ɗora shi a kan wannan tsohuwar al'ada: mata su haɗu mako-mako, kowace ta zuba abin da aka yanke, a ajiye a akwati mai makullai da ke hannun mata daban-daban, mai buƙata ta ranta ta mayar, ƙarshen zagaye a fasa a raba. Tsarin nan da aka haifa a ƙauyukanmu yau ana yin sa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Matsalarsa ɗaya ce tun asali: matalauciya ta ainihi ba ta da abin zubi, saboda haka ba ta shiga. Kuɗin tallafi ya buɗe mata wannan ƙofa.

Ga misali. Mata 20 a unguwa ɗaya, ranar biya kowace ta ware jika biyu kafin ta isa gida. An tara jika 40. Wannan wata a ba mutum ɗaya ko biyu, wata mai zuwa wasu. Jika biyu in ta kwana a gefen zane, kafin mako ta narke a goro, biki da ƙosan yara. Jika 40 a dunƙule kuwa ta isa jari. Bincike a kan zagayen gwaji na shirin, wanda aka yi a jihohin Tawa da Tilaberi, ya nuna haka: wata 18 bayan an daina biya, gidajen da suka karɓa sun fi takwarorinsu dabbobi, kuma matansu suna nan cikin adashi.

Wasu iyayenmu suna da damuwa a kan ɗan ƙarin da ake ɗorawa a rancen asusu, ko ya halatta. Tambaya ce mai kyau, kuma ba ta mai gabatar da shiri ba ce. Ku zauna da malamin garinku ku shimfiɗa masa yadda tsarin yake, a daidaita tun kafin a fara zubi.

Da jarin me ake yi? Wata ta sayi gyaɗa ta matsa mai ta toya ƙuliƙuli. Wata ta auna wake da kaka yana araha, ta rufe shi a jarka ko buhu mai leda ciki don ƙwari, ta fito da shi da bazara. Wata ta sayi iri ta shuka gamanarta. Amma a ƙasar Dakoro zuciyar kowa tana kan dabba. Akuya ita ce bankin mace: tana haihuwa, tana ba da nonon yara, ranar rashin lafiya kuma ana iya mai da ita kuɗi kafin azahar. Mai ɗan ƙarfi ta sayi ɗan rago ta turke shi wata uku ko huɗu, ta nufi kasuwar Babbar Salla da shi. Akwai kuma abin da muka koya wurin maƙwabtanmu Fulani, habbanaye: a ba ka aron uwa, ta haihu, ƴaƴan naka, uwar ta koma wurin mai ita ko ta wuce gida na gaba. Ƙungiyar mata za ta iya yin wannan a tsakaninta ba tare da jiran kowa ba.

Sai dai ku ji wannan da kyau. Akuya ba a kan iska take rayuwa ba. Makiyayan arewacin Dakoro sun ga abin da ya faru a 2010, lokacin da ciyawa ta ƙare, dabbobi suka riƙa faɗuwa garke-garke. Wadda ta zuba jarinta duka a kan dabba ba ta tanadi harawa, kara da dusa tun da kaka ba, da bazara za ta sayar da ita ƙasa da yadda ta saya. Ranar da masu allurar rigakafin dabbobi suka sauka gari, kada a ɓoye ko ɗaya. Kuma in mata goma a gari ɗaya duk suka koma tuyar ƙosai, wa zai saya? A yi shawara a raba sana'a.

Akwai wani bincike da ya ba ni sha'awa, wanda mujallar kimiyya ta Nature ta buga a 2022. An yi shi a nan Nijar, a kan matan da ke karɓar kuɗin wata-wata. An kafa musu asusu, an koya musu dabarun kasuwanci, an sa mai ba su shawara. Daga nan wasu aka ƙara musu jari na sefa 80,000 a dunƙule. Wasu ba a ba su wannan jarin ba, sai aka tara garin duka, maza da mata, aka nuna majigi a kan miji da matar da suka haɗa kai suka gina sana'a, aka tattauna, su kuma matan aka ba su horo a kan yarda da kai da tsara buri. Rukuni na uku sun samu duka biyun. Dukkansu sun ci gaba: cinikinsu ya ƙaru, abincin gidajensu ya inganta. Abin lura shi ne, in aka auna da kuɗin da aka kashe, hanyar nan ta majigi da tattaunawa tana cikin waɗanda suka fi biyan kuɗin sabulu. Ashe mace tana iya riƙe jari a hannu ta kasa motsawa, in mijinta ya ɗaure fuska, surukarta na gunaguni, gari kuma na mata kallon mai rawar kai.

Don haka, malam mai gida, ga taka. An sa kuɗin a hannun uwargida ne domin ita ce ta san tiya nawa ta rage da yaron da bai ci ba. Ba raini ba ne. In ta dawo daga wurin biya ka tare ta a zaure ka karɓe, za ka sha shayi kwana uku, shi ke nan. Ku zauna tun daren jajibirin biya ku yanke: nawa na hatsi, nawa na zubi, nawa na takalmin ɗan lakwal. A gidan da ke da kishiyoyi, inda sunan ɗaya ya fito, adalcinka ne zai hana wuta tashi. Ke ma uwargida, ƴaƴan abokiyar zamanki ƴaƴan gidan ne.

Batun zaɓen sunaye kuwa ya sha ɓata zumunci. Masu rajista sukan zo su yi tambaya a kan yawan mutanen gida, irin ɗaki, dabbobi da kadara, a fitar da jeri, a karanta a gaban taron gari. Ba ya rasa kuskure. A ƙauyen da kusan kowa ke fama, bambancin wanda aka ɗauka da wanda aka bari wani lokaci bai wuce akuya biyu ba. Shi ya sa za ka ga wadda ta karɓa ta aika wa maƙwabciya kwanon hatsi, ni kuma ba zan ce ta yi ɓarna ba, don ranar da nata ya ƙare ƙofar maƙwabciyar nan za ta ƙwanƙwasa. Mai ƙorafi ya kai shi gaban kwamitin koke-koke ko mai gari da rana tsaka, a gaban jama'a.

Kuma tallafi yana da ranar ƙarewa, wani lokaci ma kafin ranar da aka faɗa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, manyan masu ba da kuɗi da dama, har da Bankin Duniya, sun dakatar da sakin kuɗaɗensu na wani lokaci, iyakarmu da Najeriya ta rufe tsawon watanni, cinikin dabbobi da na wake ya ji a jikinsa. Shawarar da aka yanke a Yamai ko Abuja tana iya isowa har cikin tukunyar Korahane. Wadda take karɓa yanzu ta san watan da za a yi biyan ƙarshe, ta faɗa wa ƙungiyarta, a rage zubi daidai ƙarfin kowa in lokacin ya zo, amma kada a rufe akwatin.

Abu na ƙarshe kafin lokaci ya cim mana. Ba a sayen suna a jerin masu tallafi. Duk wanda ya ce ki ba shi jika ɗaya ya sa ki ciki, ko ya bugo waya yana neman lambar sirrinki wai zai turo miki kuɗi, ɓarawo ne. Ranar biya ki ƙirga kuɗinki a gaban mai biya kafin ki dangwala yatsa. In ba ki iya ƙirga takardun ba, ki tafi da ɗiyarki ƴar lakwal.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan ajiyar wake da yadda ake hana ƙwari cinye shi a rumbu. Ku tanadi tambayoyinku.