Filin Tsallake-Tsallake Daga Tarkacen Gari



An ba mu dama mu yi bayanin filin wasan da wasunmu suka haɗa a makarantunsu ba tare da an fitar da ko sisi daga asusun makaranta ba. Dalilin yinsa ba ɓoyayye ba ne. A da, dandali ne ke ɗauke mana wannan nauyi: da farin wata ya fito, maza na langa da kokawa, 'yan mata na gaɗa. Yau a ƙauyuka da yawa na Wurno da Rabah da Goronyo, matsalar tsaro ta sa iyaye na kulle yara tun magariba, kuma babu mai ganin laifinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 na buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum. In dandali ya mutu, ina zai samu in ba a harabarmu ba? Amma mun san yadda darasin motsa jiki ke ƙarewa a jadawali: a rubuta shi a allo, yara su kwafa suna zaune.

Kayan aikin duk a gari suke. Tsofaffin tayoyin babur daga wurin mai faci, karan dawa bayan girbi, igiyar kaba, buhunan shinkafa da aka juye, gungumen dogon yaro da aka sare, sai tokar murhu ta ja layi. Mukan jera taya takwas layi biyu, yaro ya bi yana sa ƙafa ɗaya a kowace. Daga nan ya tsallake kara uku da aka ɗora a kan 'yan sanduna masu baki biyu, ya rarrafa ƙarƙashin igiya, ya taka gungume daga wannan kai zuwa wancan hannuwa a buɗe, ya kewaye buhunan yashi, sannan ya ƙarasa da ƙafa ɗaya irin ta langa. Wannan na ƙarshen shi yara suka fi so, don nasu ne tun asali.

Inda muke son a dakata shi ne batun rauni, domin yaro ɗaya ya karye, an rufe filin ke nan, malami kuma ya shiga uku. Kada a ɗaure karan tsallake. A ɗora shi kawai, yadda in ƙafa ta taɓa zai faɗi, ba yaron ba. Tsayinsa kada ya wuce gwiwar mafi ƙanƙanta a rukunin. Tayar da wayarta ta leƙo a mayar wa mai ita. Sauran a huda su, in ba haka ba ruwan damina zai kwanta ciki mu wayi gari muna kiwon sauro. Kowace safiya malami da kansa, ba monita ba, ya kifar da tayoyin da sanda saboda kunama, a kuma share tsidau da ƙarangiya, tunda yawancin ɗalibanmu silifas ne a ƙafarsu. Gungumen a binne rabinsa a ƙasa don kada ya mirgina. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, sai da sanyin safiya kawai, randar ruwa kuma na kusa.

Aji mai yara tamanin ba ya shiga gaba ɗaya. Mukan kasa su goma-goma, kada na baya ya tashi sai na gaba ya wuce igiya. 'Yan mata su samu nasu zagayen tare da malama, su ɗaure hijabi a ƙugu. Yaran da aka raba da ƙauyukansu, waɗanda kan zauna a ƙarshen benci ba uffan, sau da yawa a wannan layi muke fara jin muryarsu.

Akwai iyayen da ke ganin wasa ɓata lokacin karatu ne. Mukan tuna musu cewa Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, wanda ya gama Kwalejin Katsina a 1931 ya kama koyarwa a Midil ta Sakkwato, ya yi suna a wasan buga ƙwallo da tafin hannu a bango, bai kuma hana shi komai ba.

Roƙonmu ga reshe guda biyu ne. A yi magana da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin uku su amince da filin a rubuce, don malami ya samu madogara. A kuma sanar da kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai kafin a kafa sanda ko ɗaya. Mai son ganin yadda ake jerawa ya same mu bayan an tashi, mun zo da taya biyu da igiya.