Rawar da ta Sauya Suturar Paris, da Matar da Aka Cire Daga Labarinta

 Yau za mu yi tafiya mai ɗan nisa, zuwa birnin Paris na Faransa, tsakanin 1910 da 1920. Zancen rawa ne da sutura. Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da rawar Turawa? Ɗan dakata, ka ji ƙarshen zancen tukuna.

Rawar da nake nufi ita ce bale, wadda za ka ga mace ta tsaya cak a kan 'yan yatsun ƙafa tana juyi kamar ba ta da nauyi. Kafin wancan lokacin, suturar da aka fi sanin 'yan rawar da ita ita ce siket ɗin nan mara nauyi mai buɗewa kamar lema. A 1909 wani ɗan Rasha, Sergei Diaghilev, ya kwaso 'yan rawa daga ƙasarsu ya kawo su Paris. Ƙungiyar tasa ita ce aka sani da Ballets Russes. Ra'ayin mai tsara musu rawa, Michel Fokine, shi ne kowane labari a yi masa suturar da ta dace da shi.

A watan Yunin 1910 suka fito da wasan Schéhérazade. Sunan ya yi muku kama da wani abu, ko? Shaharzad ce fa, ta Dare Dubu da Ɗaya, littafin da mu ma muke da shi da Hausa. Wanda ya zana kayan wasan shi ne Léon Bakst. Ya haɗa kore da shuɗi da ja da ruwan zinare wuri guda, ya sa wa 'yan rawa buje da rawani da duwatsun ado, ga labulaye sun sauko tun daga sama. 'Yan kallo suka rikice.

Daga nan abin ya bar dandali ya shiga kasuwa. Akwai wani shahararren mai tsara kayan mata, Paul Poiret, wanda dama yana yaƙi da koset, ɗamarar nan da matan Turai ke matse ƙugu da ita har numfashi ya yi wuya. A 1911 ya fito da wando irin buje na mata, a zamanin da mace ta sa wando a titi abin surutu ne. A shekarar kuma ya shirya wani ƙasaitaccen biki ya sa masa suna Dare na Dubu da Biyu, ya gayyaci mutum kusan 300, kowa sai da shigar mutanen Gabas. Shi dai Poiret bai taɓa yarda cewa daga Bakst ya kwaikwaya ba. Ko ma dai yaya ne, manyan matan Paris suka koma ɗaura rawani da sa tufafi masu sakewa. Gaskiya, a nan an samu alheri: mata sun samu sun sha iska.

To ga inda gizo ke saƙar. Kun san wace ce Shaharzad a littafi. 'Yar waziri ce mai ilimi, wadda ta auri Sarki Shaharyar da saninta, alhali kullum sai ya auri budurwa ya kashe ta da safe. Da labari kaɗai ta riƙe shi dare bayan dare har ya daina kisan. Amma labarin da aka taka a wasan ba nata ba ne. Abin da aka nuna shi ne sarki ya fita farauta, matansa suka lallaɓi mai tsaron ƙofa ya buɗe wa bayi, aka yi sheƙe aya, sarki ya dawo ya sa aka karkashe su. Ida Rubinstein ce ta fito a matsayin mowar sarki, Vaslav Nijinsky kuma bawa, an shafe masa jiki da launi mai duhu.

Kun gani? An ɗauki sunanta, an ɗauki kayan adon, an ajiye basirarta a gefe. Wanda ya kalli wasan nan ya koma gida da hoton Gabas a kansa: ƙwaraƙwarai, bayi, takobi da jini. Kuma da yake kayan sun yi kyau matuƙa, hoton sai ya zauna daram. Diaghilev ya rasu a 1929, ƙungiyar ta watse, amma har yau za ka ga irin wannan shigar a fina-finai in ana son nuna Balarabe ko Musulmi.

Shi ya sa nake cewa sutura magana ce, kuma tana riga baki isa. Ke da kike ɗinki, kai da kake zaɓar kayan 'yan wasa a fim ko kake ɗaukar bidiyo don TikTok, wannan aikin na Bakst ne a hannunku. In za ka sa wa ɗan wasa shigar Bafulatani ko Bagwari ko Buzu, ka tambayi masu abin yadda suke sa shi, da ranar da suke sa shi, da abin da yake nufi a wajensu. Kar ka ari rigar mutum ka yar da labarinsa. Mu ma ai ba ma jin daɗi in an sa wa ɗan wasa babbar riga da hula don kawai a nuna jahili ko maigadi.

Ku faɗa mini a ƙasa: wane fim kuka taɓa gani da aka yi wa shigar mutanenku adalci, wane ne kuma ya ɓata muku rai? Zan karanto wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.