Jawabi ga Jama'ar Jabo, Tambuwal da Kebbe: Mai Taɓin Hankali a Gidan Yari

Da wuya a sami garin da ba a san wani mutum ba wanda ya kasance lafiya lau, yana noma yana cin kasuwa, sa'an nan rana ɗaya hankalinsa ya juya. Sai ya daina barci, ya riƙa jin muryoyin da babu mai jinsu, ya zaci maƙwabta na nufinsa da sharri. In ya kai ga dukan wani, ko cinna wa rumbu wuta, sai 'yan doka su kama shi, ƙarshenta a tura shi gidan yarin Sakkwato. To, wa ke da nauyin kula da shi a can? Abin da wannan jawabi zai bayyana ke nan.

Yadda Aka Yi a Da

A zamanin Turawa an yi Dokar Mahaukata a 1916, aka sake tsara ta a 1958. Asibitocin irin wannan cuta kuwa 'yan kaɗan ne, kamar na Yaba a Ikko, wanda aka buɗe a 1907. Saboda haka a Jihar Arewa akan kai marar lafiya gidan yarin En'e, ko da bai yi laifin komai ba, ya zauna a hannun Yari da gandirobobinsa, sau da yawa da mari a ƙafa. Ba mugunta kaɗai ta jawo haka ba, a lokacin babu maganin da aka sani.

A 1952 likitocin Faransa suka gano amfanin wata ƙwaya mai kwantar da ruɗewar hankali. A 1954 kuma Likita Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, watau ya sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye, kowa tare da ɗan'uwansa, suna karɓar magani da rana. Da haka aka tabbatar mutum ya fi saurin farfaɗowa a cikin jama'a bisa ga a kulle. Gidajen yarin En'e kuwa sun koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1968.

Abin da Doka Ta Ce

Malaman fikihu sun daɗe da yarda babu hukunci a kan wanda hankalinsa ya gushe. Dokar Laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ita ma haka ta tsaya ga wanda bai san abin da yake aikatawa ba. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idodin riƙon fursunoni masu sunan Nelson Mandela, waɗanda suka hana sarƙa da mari, suka kuma hana kulle mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere. A 2019 aka yi dokar da ta mai da gidajen yari gidajen gyaran hali, ta kuma hana shugaban gida karɓar wanda aka kawo ba ya cikin hankalinsa. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958.

Aikin Shugaban Kiwon Lafiya

Amma doka a takarda ba ta warkar da kowa, sai an sami mai tsayawa a kanta. Shugaban kiwon lafiya na gidan yari yana da manyan ayyuka huɗu.

Na farko, ya tabbata an duba kowane sabon fursuna da zarar ya shigo. A tambaye shi ko yana barci, ko ya taɓa shan magani, ko yana farfaɗiya, ko yana shan wiwi ko ƙwaya. Kwanakin farko su ne mafi hatsari, gama a cikinsu kunya da tsoro da yankewar abin shaye-shaye suke haɗuwa, har wani ya nemi halaka kansa.

Na biyu, ya koya wa gandirobobi gane alama. Likita yakan zo ya tafi, gandiroba ne ke wurin dare da rana. Fursunan da ya ƙi cin abinci, ko ya zauna shiru a lungu, ko ya ƙi bin umurni domin yana sauraron wata murya, ba lalle taurin kai yake yi ba. In aka hore shi da ɗakin duhu, cutar ce za ta ƙaru.

Na uku, kada magani ya yanke. Wannan magani ba kamar na zazzaɓi ba ne da za a sha kwana uku a bari. Wani yakan sha wata da watanni, wani a yi masa allura wata-wata. Wanda ciwonsa ya tsananta, a nemi izinin kotu a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kware.

Na huɗu, ya rubuta wa alƙali gaskiyar halin wanda ke jiran shari'a. Wanda ba ya gane tuhumar da ake yi masa ba a iya yi masa shari'a, kuma in babu mai tuna wa kotu da shi, sai ya shekara da shekaru a tsare, ya wuce abin da za a yanke masa ko da ya yi laifin.

Wannan aiki na da wuya. Shugaban gida tsaro ne a gabansa, likita kuwa lafiya, ga cunkoso, ga ƙarancin ma'aikata. Wajibi ne su biyun su riƙa zama tare, amma asirin marar lafiya ya tsaya a hannun likita.

Abin da Ake Bukata daga Dangi

Daga Jabo ko Kebbe zuwa Sakkwato tafiya ce mai cin kuɗin mota, duk da haka kada a yar da ɗan'uwa. Wanda ya je ziyara ya tafi da tsohon katin asibiti da kwalin maganin da yake sha, ya gaya wa ma'aikatan lafiya yaushe ciwon ya fara. Ranar da aka sake shi, a karɓo takardar magani, a san ranar komawa asibiti, a sanar da mai unguwa, a ba shi ɗan aikin gona ko kiwo. Kada a ɗauko shi daga gidan yari a sa shi a turu. Abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, watau ɗaruruwan mutane a tsare, waɗansu da sarƙa, ya isa ishara.

Addu'a da magani ba sa faɗa da juna, a haɗa su. Mafi alheri kuwa shi ne a kai marar lafiya asibitin Tambuwal tun ciwon yana sabo, kafin ya kai ga hannun 'yan doka.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri. Amin.