Zaɓen Makarantar Koyon Tuƙin Manyan Motoci: Nasiha Ga 'Yan'uwanmu Mazauna Birane



Maganata a yau ta shafi wata buƙata da ke yawan iso muku daga gida. Da wuya a sami ɗayanku a Kano ko Kaduna, Abuja ko Legas, wanda wani ƙane ko ɗa bai taɓa roƙonsa kuɗin yin lasisin tuƙin babbar mota ba. Abin da nake roƙo shi ne, kafin ku aika kuɗin, ku fara tambayar inda za a koyi tuƙin.

Ba abin mamaki ba ne samarinmu su yi sha'awar wannan sana'a. Ƙasar Daura bakin iyaka ce. Ta Kongolam ake ratsawa zuwa Damagaram, daga kasuwar Mai'adua kuma ake lodin shanu da tumaki zuwa Kudu. Yaron da ya tashi a Zango ko Baure ko Sandamu yana ganin tirela tun yana ƙarami. Ko layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021 kuma ya biyo ta Daura, ba zai kashe sana'ar ba, domin jirgi a tasha yake sauke kaya, mota ce ke kai su kasuwa. Sana'a ce ta rufin asiri, amma kuma sana'a ce da kuskure ɗaya a cikinta kan jawo makoki a gari guda. Ba mu manta da Majiya ta jihar Jigawa ba, inda a watan Oktoba na 2024 tankar mai ta kife ta kama da wuta, fiye da mutum 150 suka rasu, akasarinsu waɗanda suka taru kwasar mai.

Da farko, ya kamata mu san abin da doka ta tanada. Lasisin tuƙi aji-aji ne. Wanda ke hannun yawancinmu aji B ne, na ƙananan motoci. Tirela da duk motar da kanta ke haɗe da bodin da ake cirewa, aji G take buƙata. Ana ba da lasisin ƙaramar mota daga shekara 18, amma na haya sai mutum ya kai shekara 26, kuma sai likita ya duba lafiyarsa. Hanyar samunsa sananniya ce: makarantar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta amince da ita, sai jarrabawa a gaban jami'an duba motoci na VIO, sai biyan kuɗin gwamnati, sannan ɗaukar hoto da zanen yatsu. Saboda haka duk wanda ya ce a ba shi kuɗi da hoto ya kawo lasisi gida, to, ba taimako ya yi ba. Ko dai katin jabu ne, ko kuwa na gaske ne a hannun wanda bai iya ba, wannan kuwa ya fi muni.

Mu da muka yi aikin koyarwa, da abu huɗu muke auna makaranta: rajista, kayan aiki, malami da manhaja. Makarantar tuƙi ma haka take.

Na ɗaya, rajista. FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke tantance makarantun tuƙi, kuma tana da jerin sunayensu. A je ofishinta a tambaya, kada a dogara da allon da aka kafe a bakin titi. A kuma tabbata amincewar ta haɗa da manyan motoci, domin akasarin makarantun da muke gani ƙananan motoci kaɗai suke koyarwa.

Na biyu, kayan aiki. Gani ya kori ji. Ku je da ƙafarku, ko ku tura amintacce. Ina motar? Tana tashi? Ɗalibai nawa ke jiran layi a kanta? Akwai fili mai faɗi da za a koyi ribas da haɗa kai da bodi? Ku tambayi awa nawa ɗalibi zai riƙe sitiyari da hannunsa, domin zama kusa da direba ba tuƙi ba ne.

Na uku, malami. Iya abu daban, iya koyar da shi daban. Don haka ne aka kafa kwalejojin horon malamai. A nemi wanda shi kansa yake da aji G, ya yi shekaru a kan doguwar hanya, kuma yana da haƙurin bayani.

Na huɗu, manhaja. Dole a koya wa yaro dalilin abu, ba yadda ake yi kaɗai ba. Ya san birkin tirela da iska yake aiki, don haka ba a tashi sai iska ta cika. Ya san yawan taka birki a gangara yana ɗumama shi har ya daina kamawa, shi ya sa ake saka ƙaramar giya tun daga saman tudu. Ya san idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yakan ninka huɗu, wannan ne hikimar taƙaita gudun tirela da tanka a kilomita 60 cikin awa a babban titi mai hannu biyu. Ya san mai yana tangaɗi a cikin tanka, yana iya kifar da ita a kwana. A kuma gaya masa gaskiya cewa ƙwaya ba ta maganin barci, kwanciya ce maganinsa.

Wani zai ce ai iyayen gidanmu na tasha a matsayin yaran mota suka koya. Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan hanya, domin nan ake sanin hanya da gyara da zama da mutane. Sai dai yaron mota yakan gaji ubangidansa har da kurakuransa, kuma manyan kamfanoni takarda suke tambaya. Abin da ya fi shi ne a haɗa biyun. Shekarun da saurayi zai jira kafin ya cika 26, ya yi su da lasisin ƙaramar mota, a ƙarƙashin direba mai natsuwa.

Ina za a dosa? Akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya da ke Zariya, wato NITT, wadda aka kafa a 1986, tana kuma horar da direbobi. Kamfanin Dangote yana da makarantar direbobin tirela a Obajana ta jihar Kogi. Ita kuwa Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke nan Daura, wadda aka aza harsashinta a Disamba 2019, abin alfaharinmu ce, amma karatun digiri ake yi a cikinta. Kada wani ɗan damfara ya karɓi kuɗinku da sunanta a kan zai samo lasisi.

Daga ƙarshe, ina ba ƙungiyarmu shawara uku. A kafa ƙaramin kwamiti da zai tattara sunayen makarantun da aka tantance. Mai ɗaukar nauyi ya biya makaranta kai tsaye, ya karɓi rasit. Sannan a nemi tsofaffin direbobinmu su riƙa gwada yaran kafin a miƙa musu makulli. Araha ba ta ado, kuma rigakafi ya fi magani. Motar da yaronmu zai tuƙa, a hanyar da mu da 'ya'yanmu muke bi za ta wuce.

Allah Ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, Ya ɗaukaka Daura, Ya kiyaye matafiyanmu, Ya mai da kowa gida lafiya.