Mota mai inji da batir: ribarta ga aljihu da huhu

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na muhalli na wannan mako, domin ku da ba ku samu saurare ba, ko a nan Tamale kuke, ko Bolga, ko can Sinkasse da Dapaong.

Duk wanda ke tasowa daga Gurugu da safe zuwa kasuwar Aboabo ya san halin da ake ciki. Babura, yalo-yalo da tasi duk a cunkushe, inji na aiki, mota ba ta tafiya. A wannan tsayuwar fetur yana ƙonewa a banza, hayaƙin kuma mai koko da ƙosai na bakin hanya ce ke shaƙa, ita da yaron da ke bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta jawo mutuwar mutum miliyan 4.2 a shekarar 2019. To kun ga ba ƙaramar magana ba ce.

Shi ya sa muka ɗauko batun motar da ake kira haibirid. Inji gare ta na fetur, ga kuma babban batir da ke tura ta da lantarki. Kamfanin Toyota ne ya fara sayar da irinta da yawa, wato Prius, a Japan a 1997. In ka tsaya a cunkoso, injin yakan mutu da kansa. In ka tashi a hankali, batir ne ke ja. In ka taka birki, ƙarfin da ya kamata ya tafi a banza sai ya koma cikin batir. Ba ruwanka da neman wurin caji, ba ruwanka da ko an ɗauke wuta. Wannan ne bambancinta da mota mai lantarki zalla.

Bari mu yi lissafi. Lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya. A ce direban tasi yana yin kilomita 100 kullum a cikin gari, motarsa na shan lita 8. Prius mai lafiya za ta yi wannan tafiyar da kamar lita 5. Lita 3 ke nan a rana. In ya yi aiki kwana 300, ya tsira da lita 900, ya kuma hana kusan tan 2 na kabon tashi sama. Ku buga kuɗin da kanku da farashin gidan mai na yau. Amma fa a kan doguwar hanya, kamar daga nan zuwa Bolga, tazarar ba ta kai haka, domin can inji ne ke yawancin aikin.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Yawancinmu ba sabuwa muke saye ba, hom-yus ce daga Tema. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kimanin kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Motar da ta shekara goma, batirinta ma ya shekara goma. In ya gaji, inji ba ya hutawa, ribar ta tafi.

Kuma abu biyu ne ke kashe wannan batir, duka muna da su: zafi da ƙura. A watan Maris da Afrilu zafin Tamale yakan taɓa 40. Akwai wata fanka da ke hura wa batirin iska daga cikin mota, mashigarta na wajen kujerar baya. Ƙurar hunturu takan toshe ta, fasinja ma yakan jingina kaya a kai. Saboda haka a riƙa share ta, a ajiye mota a inuwa. Kafin ka biya kuɗi, ka tafi da makanikin da ya san haibirid, ya sa na'ura ya duba lafiyar batirin. Kada wanda bai iya ba ya taɓa wayoyin nan masu ruwan lemo, wutarsu tana kisa.

Sai tukunyar da ke jikin salansa mai tace hayaƙi. Wasu na cire ta su sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. In aka cire, hayaƙin motarka ya koma guba kamar na kowace tsohuwar mota. Batir kuma in ya mutu, kada a jefar a bola ko a ƙona, a mayar wa dillalan da ke karɓa.

Kun tuna harajin hayaƙi da aka fara karɓa a Fabrairun 2024, sidi 75 a shekara kan babur da keke mai ƙafa uku? An soke shi a 2025. Harajin ya tafi, hayaƙin yana nan. Wanda bai da halin haibirid ma yana da abin yi: ya gyara inji a kan lokaci, ya duba iskar taya, ya kashe mota in zai daɗe a tsaye.

Direbobin da ke tuƙa irin wannan mota, muna jiran ku a shiri na gaba ku faɗa mana lita nawa kuke sha a rana. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu lafiya. Sai mun sake haɗuwa.